Ɗacin Ruwan Addu'a

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna cewa in daina jan aji in amince da mutumin nan, ku zauna ku ji abin da ya faru ranar Alhamis, sannan ku dawo mu yi maganar aure.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu, ina aiki a kantin magani, ina bayan kanta daga takwas na safe zuwa biyar na yamma. Babana kafinta ne. Wata huɗu da suka wuce hawan jini ya kayar da shi a shago, ya farfaɗo da shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya mutu, baki ya karkace, magana sai kalma ɗaya-ɗaya, ita ma sai ka kasa kunne. Mutumin da ake ta liƙa min kuma mai gyaran wutar lantarki ne, shi ke jagorantar 'yan addu'a a cocinmu. A wayata na ajiye lambarsa da sunan Lasifika, don in ya fara addu'a, ko an ɗauke wuta babu wanda zai ce bai ji ba, har mutanen bayan layi.

Ba zan ci haƙƙinsa ba. Ranar da ya zo gidanmu da mutanensa ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin Baba, na harɗe hannu a ƙirji, ina jiran su gama ihunsu in ba Baba maganinsa. Bai yi irin addu'ar da muka saba ba, mai laɓe-laɓe da "in ka ga dama". Durƙusawa ya yi, ya kama mataccen hannun nan da hannayensa biyu.

"Ubangiji," ya ce, "hannun nan ne ya ƙera kujerun da muke zama a kai a gidanka. Ban zo roƙon rabi ba. Cikin sunan Yesu, ka mayar masa da hannunsa."

Da idona na ga yatsun Baba sun lanƙwashe a hankali sun damƙe nasa. Wata uku hannun nan ko ƙuda bai kora ba. Na yi kuka ranar, ban ɓoye ba, kuma har gobe ban san sunan da zan ba abin da na gani ba in ba ikon Allah ba.

Rigimar ta fara ne ranar Lahadin da ta biyo baya. Mama ta saka farar rigarta ta matan coci, wadda take gogewa sau biyu, ta kafa ɗaurin ɗankwali har yana neman taɓo fanka. Da aka ce masu shaida su fito, sai ga ta da ledar magungunan Baba. A gaban jama'a ta zazzage su a gindin bagade.

"Daga yau ƙwaya ba za ta sake shiga gidana ba," in ji ta. "Wanda ya fara aikin nan ta bakin yaron nan, shi zai ƙarasa."

Coci ta ɗauki tafi da guɗa. Fasto ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, ganga ta danne shi. Ni kuwa ban tafa ba, don na san abin da hawan jini yake yi wa wanda ya yanke magani farat ɗaya.

Muna isa gida na bi ta ɗaki.

"Mama, maganin Baba fa."

"Ke dama tun da kika fara aikin kantin nan bangaskiyarki ta koma cikin kwalba. Kin ga hannu ya motsa ko ba ki gani ba?"

"Na gani."

"To me ya rage?"

"Jinin, Mama. Hannu daban, jini daban."

Ta cire ɗankwali ta ninke shi a kan cinya, ko kallona ba ta yi ba.

"Auta, ranar da na ga ƙwaya a hannunki a gidan nan, ki nemi wata uwar."

To ga laifina, tunda na yi alkawarin ba zan ɓoye muku komai ba. Washegari na sayi maganin a wurin aiki, na cusa shi a cikin jan takalmina mai tsini da ba na sawa. Ni ke haɗa wa Baba shayin safe. Kullum ƙarfe bakwai, Mama na banɗaki, sai in ɗora ƙwaya ɗaya a cokali, in danne ta da bayan wani cokalin har ta zama gari, in zuba a kofi, in ƙara madara. Baba ya kurɓa, ya ɓata fuska, ya kalle ni ta saman kofin, ya shanye tas. Wata safiya ma har na tarar da cokali a bayan filas da ɗan farin gari a bayansa. Na ce sakacina zai tona min asiri, na wanke shi da sauri ina gode wa Allah da Mama ba ta gani ba.

Ana cikin haka aka buɗe shafin aure. Gwaggona, ƙanwar Baba, ta zo ranar Asabar, ta zauna a kan doguwar kujerar falo ta miƙe ƙafa a tebur kamar ita ta ƙera shi.

"Yaron nan ya yi wa Fasto maganarki," ta ce. "Me kike jira?"

"Gwaggo, ban gama saninsa ba."

"Ki san me? Yana da sana'a, ba ya sha, ba ya yawo, ya yi addu'a hannun ubanki ya tashi. Ko sai ya ta da matacce za ki san shi?"

Mama ta leƙo daga kicin da wuƙa a hannu.

"Bar ta. Ita ko mala'ika ne ya zo neman aurenta sai ta juya bayansa ta duba ranar lalacewa."

Suka kwashe da dariya. Ni ma na murmusa, amma ba dariya a raina, don a ranar ne na fara ganin abin da ya hana ni sakat.

Tsakar rana Lasifika ya zo, cikin shuɗiyar rigar aikinsa, sukundireba a aljihun gaba, hannunsa riƙe da wata ƙaramar gorar ruwa da ya naɗe da hankici. Ya gaishe da su har ƙasa, ya ce a ba su wuri shi da Baba, ya shiga ya turo ƙofa. Minti goma sha biyar ya fito, gorar ba komai, ya mayar da ita jakar kayan aikinsa ya zuge.

"Mama, kullum haka yake yi?"

"Kullum. Ruwan addu'a ne."

"Me ya sa ba ya barin gorar a nan?"

"Ki tambaye shi ranar da kika zama matarsa."

Ku yi min adalci. Mutumin da addu'arsa ke fasa kunne, me ya sa wannan sai a rufe ƙofa, ba a jin ko tari? Me ya sa gorar take tafiya a naɗe kamar abin sata? A kanti na sha jin labarin masu sayen maganin barci ko na kashe zafi su narka a ruwa su ce ruwan albarka ne, marar lafiya ya ɗan ji sauƙi, su kuma suna ya tashi. Na dubi dogon mutumin nan mai sunkuyar da kai yana wanke hannu a famfon tsakar gida, na ce a raina, ko hannun ma wani abu ka yi masa?

A mako na biyu Baba ya fara canzawa. Barci ba dare ba rana. In aka tayar da shi tsaye sai idonsa ya juye, ya dafa bango, gumi mai sanyi ya keto masa. Ranar Talata na aro na'urar awon jini daga kanti, na ɗaura masa da yamma. Tamanin da biyar a kan hamsin. Na sake aunawa, haka dai. Ƙwaya ɗaya a rana ba ta kai mutum nan.

Mama ta shigo da kofin ruwan ɗumi da zuma, wanda ita ke haɗa masa kowace yamma da hannunta, ba ta yarda kowa ya taɓa.

"Me abin naki ya ce?"

"Jinin ya sauka, Mama. Ya sauka da yawa."

Ta ajiye kofin, ta ɗaga hannu sama.

"Kin ji ko? Abin naki ma ya ba da shaida! Jini ya sauka ba ƙwaya!"

Baba ya kurɓi ruwan zumar, ya yamutsa fuska. "Ɗaci," ya ce, da ƙyar. Sannan ya ɗaga hannun da ya warke, ya miƙe yatsu uku yana kaɗa mana.

"Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki," in ji Mama. "Amin, maigida, amin. Shanye."

Na koma ɗakina na zauna a bakin gado, wayata ta yi ƙara. Lasifika.

"Barka da yamma, Malama. Yau Baba ya riƙe cokali da kansa. Allah mai iko ne."

Ban gaishe shi ba. Na rubuta: "Me kake ba shi a gorar nan?"

Na ga alamar yana rubutu. Ta ɓace. Ta dawo. Ta sake ɓacewa. Mutumin da ke yi wa Allah magana ba ya haɗiyar yawu, yau tambaya ɗaya ta sarƙe shi.

"Ruwa ne da addu'a."

"Sai me?"

"Akwai maganar da nake so mu yi, amma ba ta waya ba."

"Sai me, na ce?"

Har na ajiye wayar bai amsa ba.

Ranar Laraba ban saka komai a shayin Baba ba. Na ce bari in cire hannuna in gani. Da yamma na auna, jinin na nan ƙasa, ko motsi bai yi ba. A nan na daina zargi, na tabbatar. Wani yana ɗura wa ubana abu, kuma ni na san mai gorar.

Alhamis na ce wa mai kantinmu kaina na ciwo, na baro aiki ƙarfe goma sha biyu, ko farar rigar aikin ban cire ba. Babur ɗinsa na jingine a ƙofar gida. Mama na can baya tana shanya. Na cire takalmi, na laɓe a jikin tagar ɗakin Baba, wajen da labulen ya ɗan yage.

Yana durƙushe a gaban kujera. Addu'a yake yi ƙasa-ƙasa, ban taɓa sanin yana da irin wannan muryar ba. Da ya gama ya kwance hankicin, ya girgiza gorar sosai, ya kai ta bakin Baba.

"Baba, a daure a shanye. Na san da ɗaci."

Ban san lokacin da na banke ƙofar ba. Na fizge gorar, ruwa ya fantsama a rigata. Na ɗiga a harshe. Jama'a, ɗacin nan na san shi. Shi ne wanda yake maƙale min a ɗan yatsa kowace safiya.

"Me ka zuba a ciki?"

"Malama, sassauta murya."

"Kai ne yau kake cewa a sassauta murya? Me ka zuba?"

Ya kalli ƙofa, ya kalle ni. Ya sa hannu a aljihun da sukundireba take, ya zaro katin magani ya miƙo min. Irin wanda ke cikin jan takalmina ne, babu bambanci.

"Ranar da Mama ta zubar da su, ni na tsaya naɗe wayoyi bayan an tashi," ya ce. "Na tsince su. Na kai kwalin wani kanti, ba naku ba, na ce a ba ni irinsa."

"Kai? Kai da ka ce ba ka zo roƙon rabi ba?"

"Hannu na roƙa, aka ba ni hannu. Har gobe na yarda Allah ne ya ɗaga shi. Amma ban taɓa cewa a zubar da magani ba. Ina tsaye a wurin, ta nuna ni, jama'a na tafi, na kasa buɗe baki. Kwana biyu ina tunanin in jinin nan ya sake kayar da shi, da addu'ata za a ce an kashe shi."

"Me ya hana ka gaya mata?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ta tsaya a gaban coci guda ta yi alkawari. Kuma 'yarta nake nema."

Na dafa hannun kujera.

"Kullum kake ba shi?"

"Kullum, ɗaya."

"Ni ma ina ba shi. A shayin safe."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Baba na kallonmu, yana ta ƙoƙarin faɗin wani abu, kalmar ta ƙi fitowa. Sai ya dafa kujera zai tashi, ina jin so yake ya shiga tsakaninmu. Bai gama miƙewa ba idonsa ya juye, ya sulale. Da ba don Lasifika ya tare shi ba da kansa ya daki gefen gado.

Ihuna ne ya kawo Mama, da rigar Baba jiƙaƙƙiya a hannunta. Lasifika ya sungumi Baba kamar jariri ya yi waje, muka tare tasi a bakin titi. Mama ba ta ɗaura ɗankwali ba, silifas ma ƙafa ɗaya nata ɗaya nawa, amma jakarta na hammata, ban san lokacin da ta ɗauko ta ba. A cikin mota ina riƙe da wuyan hannun Baba ina laluben bugun jini, siriri kamar zare. Lasifika ya dawo da muryarsa ta asali, yana kiran sunan Yesu har direba ya kashe rediyo ya fara cewa amin. Na saci kallon Mama. Ita da ke riga kowa amsawa, leɓenta ko motsi ba ya yi. Ta ƙanƙame jakar nan a ƙirji tana kallon titi.

A asibiti aka ɗaura masa ƙarin ruwa, aka ɗaga ƙafafunsa a kan filo. Bayan kamar awa ɗaya ya buɗe ido. Likitar wata dattijuwa ce mai tabarau a kan karan hanci, ba ta da gaggawa kuma ba ta da wasa. Ta tara mu a gindin gadon.

"Jininsa ya faɗi ƙasa ƙwarai. Mun ɗebi jini za mu duba ƙoda, don in jini ya daɗe a ƙasa haka tana iya taɓuwa. Yana shan maganin hawan jini?"

Na jira Mama ta ce a'a da ƙarfi, yadda ta saba. Shiru.

Na ce a raina, to, yau zan nemi wata uwar ke nan.

"Ina ba shi, Likita. Ɗaya da safe, a shayi. A ɓoye."

"Ni ma ina ba shi," in ji Lasifika. "Ɗaya da rana. Ban san tana ba shi ba."

Likitar ta cire tabarau ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya.

"Sau biyu a rana ke nan, maganin da ake sha sau ɗaya. Tun yaushe?"

Kafin mu amsa sai gadon ya motsa. Baba ne. Ya ɗaga hannun nan na dama, wanda aka yi wa addu'a, yana rawa, ya miƙe yatsu uku. Wannan karon kalmar ta fito sarai.

"Uku."

Na kalli Lasifika, ya kalle ni. Ni ce ta ɗaya, shi ne na biyu, to na ukun fa? Sai muka ji ƙarar zif a bayanmu.

Mama ce ta buɗe jakarta. Ta ciro Littafi Mai Tsarki, ta zuge rigarsa ta fata, daga aljihun ciki ta zaro katin magani, rabinsa an ɓalle. Ta ajiye shi a kan zanin gadon, kusa da hannun Baba. Nan take na tuna cokalin bayan filas.

"A ruwan zuma," ta ce. Muryar kamar ba tata ba. "Ranar da na zubar da su, na dawo gida na ga yana barci, na tsaya ina kallon ƙirjinsa ko yana motsi. Washegari na je na sayo." Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba. "Na zaci ni kaɗai ce mai tsoro a gidan nan."

Kusan mako biyu bawan Allahn nan yana shan ɗaci safe, rana da yamma, yana kallon fuskar kowannenmu, ya san sirrin kowa, bakinsa ya kasa faɗa, kuma bai taɓa ture kofin kowa ba. Ya miƙa yatsun nan uku ya kama bakin rigar Mama ya riƙe.

"Ku ukun ku fita," in ji likitar. "Daga yanzu ko ruwa ba mai ba shi sai ma'aikatanmu. In sakamakon ƙodar ya fito zan kira ku."

Muka zauna a kan bencin baranda, Mama a tsakiya, kanta ba ɗankwali, ni da farar rigata mai tabon ruwan gora. Duk ma'aikaciyar da ta fito da takarda sai mu miƙe tare, ta wuce, mu koma mu zauna. Can Mama ta juya wajen Lasifika, ta dafa gwiwarsa.

"Ɗana, yi mana addu'a."

Ya sunkuyar da kai, ya haɗa hannu, ya buɗe baki. Lasifika guda, murya ta ƙi fitowa. Kafaɗunsa kawai nake gani suna rawa.

Sai na kama hannun Mama da hagu, na miƙa dama na kama nasa, karo na farko tun da na san shi. Ni, mai bangaskiya a cikin kwalba, ni ce na fara.

"Ubangiji," na ce, "ban zo roƙon rabi ba."

Ban kai ga amin ba ƙofar ta buɗe, likitar ta fito da takarda a hannu, tana neman fuskokinmu ta saman tabarau.